Tagar da Ladan Tanimu Ya Toshe

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba mu numfashi ba da roƙonmu ba, Yake shigar da shi Yana fitar da shi, muna farke ko muna barci. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ma'abota wannan shafi, ku ba ni aron hankalinku.

Akwai wani maƙerin zinariya a unguwar Zango, cikin birnin Damagaram, ana ce masa Ladan Tanimu. Ƙira ya gada daga mahaifinsa. Ladanci kuwa baiwa ce daga Allah, domin an ba shi ƙirji mai faɗi da murya mai nisa. Idan ya ja kalma guda ta kiran salla, ba ya sauke ta sai mai sauraro ya fara jin tsoron numfashinsa zai ƙare, amma ba ya ƙarewa. Ko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, lasifika ta mutu, muryarsa kan kai bakin kasuwa, har masu kabu-kabu su san lokaci ya yi.

Shekara ashirin da biyu yana kiran salla a masallacin unguwarsu. Ya san da baiwar nan, kuma a cikin zuciyarsa yana jin daɗinta fiye da yadda ya kamata.

Mahaifinsa azurfa yake ƙerawa, zobba da awarwaro da 'yan kunne. Da zinariya ta bayyana a hamadar arewa, sai mutane suka riƙa dawowa da ita ɗanya, cakuɗe da jan ƙarfe da zaiba da ƙasa, suna neman wanda zai tace musu. Tanimu ya koyi tacewa da ruwan asid a wurin wani mutumin Agadas. Ana zuba zinariyar a kwalba mai faɗin baki, a zuba mata ruwan, sai wani hayaƙi ya tashi, ja-ja kamar tofin goro, mai cizon hanci da maƙogwaro.

Ɗakin aikinsa tsohon ginin ƙasa ne a gefen zaure, bangonsa ya kai kamu biyu kauri. Ƙofa ɗaya gare shi, da taga ɗaya can sama, mai kallon lungu.

To, maƙeran farin ƙarfe suna da wata al'ada mai kyau. Ba sa zubar da sharar ɗakin aiki. Ƙurar ƙasa, da tokar murhu, da ruwan wanke hannu, duk a tukunya ake tarawa. In watan Sha'aban ya kama sai a ƙone a narke, a sami ɗan abin da ya zube cikin shekara. Haka Tanimu ya ga mahaifinsa yana yi.

Sai shi ya ƙara nasa. Ya ce a ransa, idan shara tana riƙe azurfa, lalle hayaƙi ma yana tafiya da zinariya. Ya sa aka kawo tubali da laka, ya toshe tagar nan da hannunsa. Ya sa ƙofar ƙarfe mai kulle da makulli ta ciki, saboda ɓarayi da idon mutane. In ya shiga, sai ya cusa tsummoki a ƙarƙashin ƙofar. Yakan ɗaga kai ya dubi azarar rufin da ta yi baƙi, ya yi murmushi. Shekara shida bai kankare ta ba, yana jira abin ya taru.

Wanda ya ƙera masa ƙofar maƙwabcinsa ne, Mustafa, maƙerin kwano da ke tsallaken lungun. Aikinsa murhu da indararo da bututun hayaƙi na gidajen burodi, in aiki ya yi ƙaranci ya yi facin bokiti. Mutum ne mai ƙarancin magana, ya ɗan girmi arba'in, Tanimu kuwa ya haye hamsin.

Wata rana makulli ya fara cijewa, Tanimu ya kira shi ya duba. Mustafa ya durƙusa, ya shafa bayan ƙofar, sai tsatsa ta zubo masa a tafi kamar garin barkono.

Ya ce, "Ladan, ƙofar nan shekara biyu ke nan da na ɗora ta. Ga ta kamar ta shekara ashirin a ƙarƙashin indararo."

Tanimu ya ce, "Ƙarfen banza ka sa mini, shi ya sa."

"Irinsa na sa wa mai burodin unguwar Kara-Kara, tasa tana nan tana ƙyalli. Ba ƙarfen ba ne, Ladan, iskar ɗakin nan ce. Ni da na shigo yanzu, idona har ya fara ruwa. Abin da ya ci ƙarfe haka, me kake zaton yana yi wa ƙirjin ɗan Adam?"

"To likita, me za a yi?"

Mustafa bai kula da ba'ar ba. Ya ce, "A buɗe tagar can. A yi rumfa a saman inda kake ajiye kwalba, a fitar da tiyo ya wuce rufi, a sa fanka mai zuƙa. A huda ƙasan bangon bayanka, iska mai kyau ta shigo ta tura mummunar gaba. Kwana uku ya ishe ni."

Tanimu ya yi dariya har sai da tari ya sarƙe shi. Da ya lafa ya ce, "Wato in haƙa wa zinariyata hanya ta tashi sama, ta sauka a kan rufinka, kai kuma ka share da tsintsiya! Kai Mustafa, ashe kana da wayo. Mai facin bokiti zai koya wa ɗan maƙeran asali yadda ake zama a maƙera? Ɗiga wa makullin mai, ka koma wurin kwanoninka."

Mustafa ya ɗiga man, ya tattara kayansa. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Haƙƙin maƙwabtaka ne na sauke. Makullin nan kuma a sake shi, cikinsa ya ruɓe."

"In Allah Ya so," in ji Tanimu, irin faɗar da ba a nufin aikatawa.

Watanni suka shuɗe. Matarsa Ramlatu ita ce ta fara lura da sauran alamu. Rigunan aikinsa suna dawowa daga wanki da ƙananan huji kamar ɓera ya ci. Kwanon tuwon da ta taɓa bari a ɗakin ya fito da kore-kore a gefensa. Wayar salula biyu suka mutu a aljihunsa, har ya koma barin waya a zaure in zai shiga.

Wata la'asar kuma, a tsakiyar kiran salla, muryarsa ta yanke. Ya tsaya, ya ja numfashi, ya ƙarasa. Ba kowa ya gane ba, amma ita ta gane, domin shekara ashirin da biyu tana jin kiran nan daga tsakar gida.

Da ya dawo ta ce, "Malam, yau ka sauke inda ba ka saba saukewa ba."

Ya ce, "Ruwan randa na sha cikin zufa."

"Ruwan randa ne ya huda maka riga? Don girman Allah ka bar Mustafa ya buɗe tagar nan."

Fuskarsa ta ɓaci. Ya ce, "Ashe har cikin gida ya biyo da maganar? Ramlatu, ki tsaya a madafinki. Ubana ya shekara saba'in yana shaƙar hayaƙin maƙera, da ƙafarsa ya je masallaci ranar da ya rasu."

Ta ce, "Baba hayaƙin gawayi ya shaƙa. Wannan naka ba gawayi ba ne."

Ya kawar da zancen. Sai dai ya kafa mata doka: in yana ciki, ko gobara ake yi kada ta buga masa ƙofa, domin hannu in ya girgiza aiki ya ɓaci.

Ana nan, a tsakiyar bazara, wani mai haƙa ya kawo masa zinariya mai yawa, yana sauri zai koma arewa washegari. Aikin na zubi uku ne. Tanimu ya ga in ya raba ba zai gama ba, sai ya yanke shawarar haɗawa a zubi ɗaya. Bayan azahar ya ajiye waya a zaure, ya shiga, ya murɗa makulli sau biyu, ya cusa tsummokinsa.

Da farko komai ya tafi daidai. Gab da la'asar, zafin rana ya gama dafa ɗakin, sai kwalbar ta fara tafasa fiye da yadda ya taɓa gani. Kumfa ta hau, ta tumbatsa, ta zubo a kan teburi. Hayaƙin da ya saba gani siriri ya tashi a dunƙule, ya bugi azara, bai sami mafita ba, ya fara saukowa.

Ya kifa kwano a kan kwalbar, hayaƙin ya ɓullo ta gefe. Ya ce bari ya buɗe ƙofa. Ya kama makulli ya murɗa, ya ƙi. Ya ƙara ƙarfi. Sai ya ji ƙas, rabin makullin ya zo masa a hannu, rabin ya maƙale a ciki.

Ya tsaya yana kallon guntun ƙarfen a tafinsa. Cikin ƙarfen ja ne, ya ruɓe, kamar yadda aka faɗa masa.

Ya buɗe baki zai kira Ramlatu. Muryar da take kai wa kasuwa ba ta ko kai ƙofa ba, wani kakari kawai ya fito, tari ya biyo baya. Ya lalubo guduma ya shiga dukan ƙofa.

Ramlatu tana tsakar gida tana tankaɗe. Ta ji bugun, ta ci gaba da aikinta. Wane ne zai firgita don ya ji guduma a ɗakin maƙeri? Ga kuma dokar da aka kafa mata.

Hayaƙin ya sauko har kafaɗarsa. Fitilar da ke rataye ta koma kamar garwashi a cikin hazo. Ya durƙusa, sannan ya kwanta rub da ciki, ya fizge tsummokin da ya cusa da hannunsa, ya liƙa bakinsa a siririyar kafar da ke ƙarƙashin ƙofa. Iskar da ke shigowa ba ta fi kaurin zare ba. Yana zuƙa kamar mai shan ruwa ta cikin kara, ƙirjinsa yana ƙuna kamar an zuba masa barkono.

Ya juya ido ya dubi inda taga take a da. Ga shatin tubalin nan, har yana iya gane sawun yatsunsa a jikin lakar. Ya dubi bango mai kamu biyu da yake alfahari da shi. Ya dubi ƙofar da ya ce a yi mata kauri don kada ɓarawo ya iya. Babu abu ɗaya a cikin abubuwan da suka tsare shi wanda wani ya yi masa. Duk shi ya yi.

Ya so ya yi kalmar shahada a bayyane, numfashi bai isa ba, sai ya yi ta a zuci. Hannunsa ɗaya yana ɗaga guduma, ya buga sau uku, ya huta, ya sake bugawa sau uku.

A tsallaken lungu, Mustafa ya ajiye almakashinsa ya yi alwala, ya zauna yana jiran kira. Inuwar katanga ta wuce inda take kaiwa kullum, bai ji kira ba. Ya kasa kunne. Abin da yake ji bugu ne, amma kunnen maƙeri ya san bambanci. Wannan ba guduma a kan maƙera ba ce. Guduma ce a kan faifan ƙofa, ƙasa-ƙasa, kuma kowane bugu ya fi wanda ya gabace shi rauni.

Ya ɗauki dagi da tsani ya fita da gudu, yana cewa, "Jama'a ku kawo ɗauki! Ladan yana ciki!"

Bai nufi ƙofa ba tukuna. Ya jingina tsani a bangon lungu, ya ɗaure jiƙaƙƙen ƙyalle a hanci, ya hau ya kai wa tsohuwar tagar sara. A sara na biyar tubali ya faɗa ciki, jan hayaƙi ya yo waje kamar an buɗe bakin tanderu. Ya kawar da fuska, ya ce wa mutanen da suka taru, "Ku ja baya! Kada wanda ya tsaya ta inda iska take kaɗawa!"

Ya zagaya zaure, ya tarar da Ramlatu tana jijjiga ƙofa tana kuka. Ya ce, "Yaya Ramlatu, matsa. Ni na ɗora ta, na san inda take da rauni." Ya sa kurfin yanka ƙarfe a maƙalin ƙofar na sama ya doka, ya doka na ƙasa. Tsatsar da ta karya makulli ita ce ta sauƙaƙa masa, maƙalan suka ɓalle. Maza uku suka janye ƙofar, suka jawo Tanimu ta hammata zuwa fili.

Aka zuba masa ruwa, aka yi masa fifita. Bayan ɗan lokaci ya tashi zaune, ya ce da dasasshiyar murya, "Alhamdu lillahi, na warware. An yi salla?"

Mustafa ya ce, "Za a yi. Kai dai asibiti za ka."

"Ba inda zan je. A ba ni madara in sha."

Sai Ramlatu, wadda ba ta taɓa ɗaga masa murya a gaban mutane ba, ta ce, "Malam, na bi dokarka yau, saura kaɗan in zama mai takaba ina tankaɗe a bayan ƙofarka. Wannan karon ba zan bi ba. Mustafa, tsayar mana da adaidaita."

Allah Ya sa suka je. Kafin magariba ƙirjinsa ya cika da ruwa, leɓɓansa suka yi toka-toka. Likita ya ce haka hayaƙin nan yake, yakan bar mutum ya zaci ya tsira, sannan ya kama shi bayan sa'o'i, kuma da a gida ya zauna da labari ya sha bamban. Kwana goma sha ɗaya ya yi da tiyo a hanci. Ranar sallama likita ya nuna masa hoton ƙirjinsa ya ce, "Malam, rai ya tsira. Amma huhun nan ya daɗe yana ƙonewa, na ranar nan ƙarashe ne. Abin da ya tafi ba zai dawo ba."

Tanimu ya ce, "Kiran salla fa?"

Likita ya sunkuyar da kai.

Da ya koma gida ya ɗan yi ƙarfi, ya tsallaka lungu yana tafiya yana hutawa, ya tsaya a bakin rumfar Mustafa. Ya ce, "Mustafa, na kira ka mai facin bokiti. Na zarge ka da kwaɗayin abina. Ka yafe mini."

Mustafa ya miƙe ya ba shi kujera. Ya ce, "Ai ina facin bokiti, Ladan, ba ƙarya ka yi ba. Na yafe duniya da lahira. Yaushe za mu fara?"

Kwana huɗu suka yi. Mustafa ya yi rumfa a saman teburi mai buɗewa ta gaba kawai. Tiyon na roba mai kauri ya sa, ya ce ƙarfe ba zai shekara ba. Ya bi da shi ta cikin tano, wato gangar ruwa, mai farar ƙasa, don hayaƙin ya rage dafi kafin ya fita, sannan ya ɗaga bakinsa ya zarce rufin duk maƙwabta, kada a cire cuta daga ɗaki a kai wa mutane. Fankar ya haɗa ta da hasken rana da batir, saboda ɗaukewar kuran. Ya huda ƙasan bangon baya. Tagar ya mayar da ita ta fi da girma. Ƙofa kuwa ta katako aka sa, mai sakata, wadda ko da kafaɗa aka tura daga ciki za ta buɗe.

Da aka gama, Ramlatu ta kawo kaskon turaren wuta ta ajiye a kan teburi, ta ce, "Ni ban yarda ba sai na gani." Aka kunna fanka. Hayaƙin turaren ya tashi, ya ɗan yi jinkiri, sannan ya lanƙwasa ya shige rumfar, ko ƙamshinsa bai iso inda suke tsaye ba.

Ta ce, "Yau na ga an yi asarar turare ina murna."

Saura abu ɗaya. Tanimu ya sa Mustafa ya hau ya kankare azarar rufin nan tas, baƙin shekara shida, ya cika ƙwarya. Aka ƙone, aka narke a ƙarƙashin sabuwar rumfa. Da wuta ta huce, Tanimu ya tona da hantsaki. Abin da ya samu bai kai ƙwayar gero ba.

Ya ɗora shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallo. A daidai lokacin kiran la'asar ya taso daga masallaci, da muryar Malam Idirisu tela, wanda aka ba ladanci tun yana asibiti. Murya ce ta kirki, amma gajera, tana sauka inda Tanimu bai taɓa sauka ba.

Leɓɓansa suka motsa suna bin kiran, babu sauti. Sannan ya miƙa wa Ramlatu tafin nasa ya ce, "Riƙe wannan ki adana. Shi na sayar da muryata a kansa."

Har yau mutanen unguwa Ladan suke ce masa. Yana zuwa masallaci da wuri, ya zauna a sahun farko, ya jira wani ya kira.

Darasi: Numfashi amana ce a wuyan bawa, kuma babu ma'adinin da ya kai shi daraja. Gadon iyaye abin girmamawa ne, amma aikin da ya sauya yana buƙatar sabon ilimi, kuma ilimin nan yana iya zuwa daga bakin wanda ka raina. Girman kai shi ke sa mutum ya gina wa kansa kurkuku yana zaton taska ce. Duk mai aiki da asid ko zaiba ko wani abu mai hayaƙi, ya yi wa hayaƙin hanya kafin ya kunna wuta, kada ya kulle kansa inda ba za a ji shi ba, kuma in ya shaƙa ya je asibiti ko da yana jin ya warware. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Ku isar da wannan ga maƙera da masu tace zinariya da iyalansu, wataƙila akwai wata taga da ke jiran a buɗe ta.

Allah Ya ba mu kunnen jin nasiha tun tana da amfani. Ya yi albarka ga wanda ya rubuta, da wanda ya karanta, da wanda ya isar, Ya sa numfashinmu na ƙarshe ya fita da kalmar shahada. Amin.